Shekarar Ƙaho Takwas

Na san abin da ake faɗa a cikin dangi game da shekarar auren 'yata Yagana. Ana cewa na tozarta yayana a gaban mutane saboda wani akwatin roba, shi kuma ya rama ta hanyar ƙin zuwa ɗaurin auren 'yata. Wasunku a bakin gwaggonninku kuka ji, wasunku kuwa shirun da kuka tarar a gida ne ya ba ku labarin. Yanzu yayan nawa, Ya Modu, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma idona ya fara gajiya da takarda. Don haka zan rubuta muku abin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, kamar yadda aka koya mana a ɗakin labarai.

Mahaifinmu Bakano ne, fataucin fata ya kawo shi Yerwa, wato Maiduguri, ya auri mahaifiyarmu a nan, ya zauna a Gwange. Ya rasu ina ƙarami, Ya Modu ne ya riƙe ni. Shi ya shiga Kasuwar Shanu tun yana saurayi har ya zama dillalin da ake kwatance da shi, ni kuma ya tura ni makaranta. Daga makaranta na shiga gidan rediyo. Na fara a ɗakin injina, inda ake kula da na'urar watsa shirye-shirye, daga baya da aka ji Hausata ba ta karye ba aka mai da ni karanta labarai. Ya Modu bai taɓa kirana da sunan aikina ba. In zai gabatar da ni ga abokansa sai ya ce, ga ƙanena Habu, mai magana da iska. Yana faɗa yana dariya, amma na sha ganinsa yana tsawata wa masu surutu a rumfarsa in lokacin labarai ya yi.

Da na yi ritaya hannuna ya ƙi zama. Lokacin ne mutane suka fara sa waifai, wato intanet ɗin da ake kamawa ta iska, a gidaje da shaguna, ni kuma da na fara buɗe rauta, akwatin da ke raba waifai ɗin, na duba cikinta sai na ga tsohon aikina ne aka ƙanƙantar. Rauta ƙaramin gidan rediyo ce. Tana magana a kan zango biyu. Ɗaya yana ratsa bango yana zuwa nesa, amma cunkoso ya yi masa yawa. Ɗayan yana da sauri, sai dai ba ya nisa, kuma tsofaffin wayoyi ba sa jin sa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wayar da aka ƙera a wata ƙasa take fahimtar rautar da aka ƙera a wata ƙasar dabam. Dalili kuwa, masu ƙera kayan sun yarda da ƙa'ida guda, kuma akwai ɗakunan gwaji da ake kai na'ura a haɗa ta da na wasu kamfanoni a ga ko za su jitu, a kuma gwada ƙarfin kullenta. In ta ci jarrabawa sai a ba ta hatimi da lamba, a sa lambar a rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Hatimin da ke jikin kwali kowane mai injin ɗab'i zai iya buga shi. Lambar da ke cikin rajista ita ce shaida. Wannan na riƙe, da shi na yi shekara uku ina aiki a unguwa babu wanda ya dawo mini da ƙorafi.

A shekarar da nake ba ku labari, masu sayen shanu daga kudu sun rage hawowa da kansu saboda halin hanya. Sai dai su kira a waya su ce a nuna musu sa, a zagaya da shi, a buɗe bakinsa su gani. Ranar da kasuwa ta cika kuwa layin waya shaƙewa yake yi, hoto ya tsaya cik da rabin saniya. Ƙungiyar dillalai ta yanke shawarar jawo intanet zuwa ofishinta, a raba shi ta waifai zuwa rumfuna. Shugabansu, Alhaji Mala, ya kira ni ya ce ni zan haɗa, ni kuma zan sa hannu a takarda cewa kayan da aka sayo masu inganci ne. Sayen kaya aka ba Ya Modu, don yana da amini a Kano mai shigo da kayan lantarki. Na rubuta masa irin waɗanda nake so a takarda, ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan mako biyu ya aiko in zo. Na tarar da kwalaye shida a zaurensa, ya buɗe ɗaya ya ajiye a kan tabarma, yana kallonta kamar yadda yake kallon dabbar da ya yi sa'ar saye.

"Habu, zo ka ga bijimi," in ji shi. "Waɗanda ka rubuta na gan su. Ƙaho biyu-biyu, kamar 'yan maruƙa. Wannan ƙirga ka gani."

Na ƙirga. Eriya takwas ne, baƙaƙe, a tsaye.

"Ya Modu, ba da ƙaho ake auna ta ba."

"To da jela ake aunawa? Ga hatimin da kake ta magana a kai, ga shi nan a jikin kwali. Mutumin nan shekara talatin muna tare. Ya ce mini wannan ita ake yayi."

Na ɗauki ɗaya na kawo gida. Abu na farko, na duba lambar a rajista. Lambar tana nan, amma ta wata na'urar buga takardu ce ta wani kamfani dabam. Na sake dubawa sau biyu ko na yi kuskuren harafi. Sannan na kunna ta a kan teburina na tara wayoyin gida. Tawa ta kama. Ta mahaifiyarku Falmata ta kama ta saki, ta kama ta saki. Ta telan da ke ƙofar gidanmu ko ganin ta ba ta yi ba. Na shiga saitinta na duba kulle. A kwali an rubuta na zamani ne, a ciki kuwa tsohon yayi ne wanda aka daina amfani da shi, wanda duk mai ɗan sani zai ɓalle yana zaune a kan benci. Daga ƙarshe na ɗauko sukuddireba na kwance murfin. Eriya huɗu ne kawai ke da waya a ciki. Sauran huɗun robar banza ce, rami ne tun daga gindi har kai.

Washegari bayan la'asar na koma wurinsa, na jira har baƙinsa suka watse. Ina so ku riƙe wannan, domin shi ne abin da masu ba da labarin suke tsallakewa: na same shi mu biyu, a zaurensa, kafin kowa ya sani. Na nuna masa komai. Ya karɓi ƙahon da babu komai a ciki, ya leƙa ramin.

"Na riga na ba da hannu," ya ce.

Ku da ba ku tashi a kasuwar ba, sai na yi muku bayani. A wurinsu, in dillali ya kama hannun mai kaya a gaban shaidu aka ce Allah ya sa albarka, magana ta ƙare. In aibi ya fito daga baya, dillalin kirki shi yake haɗiye shi. Ba ya komawa ya ce wanda ya tsaya wa ya cuce shi, domin faɗin haka daidai yake da cewa idonsa bai iya gani ba. Shekara arba'in ba a taɓa dawo wa Ya Modu da saniya ba, shi ma bai taɓa mayar wa wani ba. Sunansa ke nan, ba shi da wata dukiya da ta kai shi.

"Kai ka koya mini ba a sayen sa sai an buɗe baki an duba haƙori," na ce.

"Na shanu na sani. Wannan kai ka sani. Tunda ka iya kwancewa, ai ka iya gyarawa. Gyara ta ta yi aiki, ka sa musu hannu, a wuce wurin."

"Ba ta gyaruwa, Ya Modu. A haka aka haife ta."

"To kai da boko, komai sai an kai shi kotu? Wane ne zai buɗe cikinta in ba kai ba?"

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni, don matarsa ta kira Falmata. Auren Yagana saura wata biyu, kuma bisa al'ada Ya Modu ne waliyyi, shi zai ba da ita. Falmata tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, sa hannu kawai ne fa. In ta lalace ka ce zafin Maiduguri ne ya kashe ta. Wa zai musa? Zafin nan har mutum yana kashewa."

"In wani ya shiga wayar mutane ta cikinta fa? Ta nan za su riƙa tura kuɗin shanunsu."

"In, in. Kai kullum da in kake kwana. Ni abin da na sani, mutumin nan shi ya riƙe ka."

Yagana tana bakin ƙofar ɗaki tana jin mu. Ba ta saba sa baki a maganar manya ba, amma ranar ta yi.

"Baba, in ba ka sa hannun ba, Baffa zai zo?"

Na ce mata zai zo. Na faɗa ne da muryar da nake karanta labarai, kuma wannan shi ne labari na biyu a rayuwata da na bayar ban tabbatar ba. Na farkon ina sabon shiga ne. Wani ya kawo sanarwar rasuwa a takarda, na karanta ban bincika ba, da hantsi sai ga mamacin da kansa a ƙofar gidan rediyo a kan keke, yana tambayar wanda ya kashe shi. Abokan aiki sun yi shekara suna yi mini dariya, amma shugaban sashenmu bai yi dariya ba. Ya ce mini mutanen da ke sauraro ba su da hanyar dubawa, ni ne dubawarsu. Wannan maganar ce ta hana ni sakat a makon nan. Mahauta da dillalai da makiyayan da za su hau waifai ɗin nan ba za su taɓa buɗe rajista ba. Za su ce Habu na rediyo ya sa hannu, shi ke nan. Sun yi shekara talatin suna jin muryata suna gaskatawa.

Na yanke shawarar janyewa daga aikin ba tare da na faɗi dalili ba, a nemi wani. Da wannan niyyar na je taron kwamiti, ranar wata Asabar da safe, a rumfar da ke gaban ofishin ƙungiya. Mutum goma sha wani abu ne a kan tabarmi, ga kwalayen an jera, ga takarda da biro a gaban Alhaji Mala. Na ce ina neman afuwa, a ba wani aikin.

"Malam Habu, ba a haka da mu," in ji Alhaji Mala. "Kayan nan suna da kyau ko ba su da kyau?"

Wani mahauci mai yawan barkwanci, ana ce masa Ɗanjuma, ya ce, "Ko dai kishi ne na 'yan boko, an sayo ba a tambaye su ba?"

Sai Ya Modu ya gyara zama ya dube ni. Har yau ban san abin da ya sa ya faɗi abin da ya faɗa ba. Wataƙila ya ɗauka ba zan iya ba a gaban mutane.

"Habu, in akwai aibi, faɗe shi a nan. In babu, ɗauki biro."

Ban ɗauki biro ba. Na ɗauki rauta ɗaya na murɗe ƙaho na biyar, na ɗaga shi sama yadda haske zai ratsa ramin. Sannan na yi bayanin lamba, da wayoyi uku, da kulle. A nan kuskurena yake, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Na yi bayanin ya yi tsawo, daki-daki, da murya mai santsi kamar ina gaban makirufo, kamar ba yayana ne zaune a gefe ba. Kuma da Alhaji Mala ya miƙo hannu na ba shi ƙahon, shi ya miƙa wa na kusa da shi, ya yi ta zagayawa. Da ya isa hannun Ɗanjuma sai ya sa a baki ya busa. Ya yi ƙara kamar usur.

"Alhaji Modu, ashe sa mai ƙahon aro ka sayo mana!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda 'yan kasuwa suke yi wa juna ce kullum. Amma ba a taɓa yi wa Ya Modu ita a kan ciniki ba. Ya miƙe, ya karɓi ƙahon daga hannun Ɗanjuma ya sa a aljihu. Ya ce da Alhaji Mala kayan nasa ne, ya ɗauke wa ƙungiya su, a sayo waɗanda Habu yake so. Bai ambaci sunan amininsa na Kano ba, ranar ko bayanta, kuma bai mayar masa da kwali ko ɗaya ba. Ya sa aka loda su a a-kori-kura ya bi bayansu, bai dube ni ba.

Na yi aikin. An sayo masu ƙaho biyu, na duba lambar kowace ɗaya kafin a buɗe kwali. Kada ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Rufin kwano ya ba ni wahala, sai da na yi mako uku ina sauya musu wuri ina hawa tsani da wannan gwiwar tawa. Amma ranar da kasuwa ta cika na tsaya na ga wani Bashuwa makiyayi da tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, ga wani matashin dillali da sabuwa fil, duka biyun sun kama, kowa yana zagaya sa yana nuna wa mai saye a can kudu. Rumfar Ya Modu tana cikin waɗanda waifai ya fi ƙarfi a wurin, don da gangan na sa ɗaya kusa da ita. An ce mini ya hana yaransa hawa, sai da aka shekara.

Ranar ɗaurin aure na yi ta kallon bakin layi har liman ya gyara murya. Bai zo ba. Kawunmu na wajen uwa ne ya tsaya waliyyi. Abin da ya aiko shi ne saniya, ja, lafiyayya, wadda duk wanda ya san shanu a wurin sai da ya tsaya ya dube ta. Ba saƙo, ba gaisuwa. Falmata ta ce mini Yagana ta yi kuka a ɗaki har kwalliyarta ta ɓaci aka sake. Mahaifiyarku ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Ta kawo mini abinci ta ajiye ta fita, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shekara biyu muna haka. Muna haɗuwa a jana'iza da sallar Idi, in gaishe shi ya amsa, kowa ya kama gabansa. Na je gidansa sau uku, ana ce mini ya fita alhali takalminsa na ƙofar zaure.

Wata Laraba da hantsi sai ga kiransa a wayata. Ya ce in zo, ya kashe wayar. Na same shi a zauren nan dai, a kan tabarmar nan. Ya rame. A gefensa wani mai shagon kayan lantarki ne zaune a takure, a tsakaninsu kwali ɗaya ba a buɗe ba. 'Ya'yansa ne suka dame shi a sa waifai a gida. Na gaishe shi, ya amsa, ya tura mini kwalin da ƙafa.

"Ban ba da hannu ba tukuna," ya ce. "Duba mini haƙoransa."

Na sa tabarau na fito da waya na shiga rajista. Sai da na rubuta lambar sau biyu. Sunan ya fito, samfurin ya fito, komai ya dace.

"Lafiyarsa ƙalau, Ya Modu."

Ya miƙa wa mai shagon hannu, aka ce Allah ya sa albarka. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Habu shayi, kada a cika sukari, mai magana da iska ya tsufa. Iyakar abin da aka yi ke nan. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Bayan rasuwarsa matarsa ta aiko mini da ƙahon nan a ƙulle cikin hankici. Ta ce a aljihun rigarsa ta kasuwa yake zama, in sabon dillali ya zo koyon aiki sai ya ba shi ya leƙa ramin kafin ya kai shi wurin shanu.

Baffanku bai ci amanar kowa ba. Ya yarda da amininsa, ya auna abin da bai sani ba da ma'aunin da ya sani, kuma da aibi ya fito ya haɗiye shi shi kaɗai kamar yadda sana'arsa ta koya masa. Duk wanda ya gaya muku wani abu dabam, bai san shi ba.

Ke kuma Yagana, na ce miki zai zo, bai zo ba. Ni na yanke hukunci, ke kika ɗauki nauyinsa a ranar da ba ta maimaituwa, kuma ban taɓa neman gafararki da baki ba. Ina nema yanzu. Da za a mayar da ni rumfar nan a sake ajiye mini biro, ba zan sa hannu ba. Sai dai zan gajarta magana, kuma ƙahon ba zai bar hannuna ba.